Yadda A Ke Gane Ƙwaƙwalwar Kwamfuta Kafin A Biya Kuɗi

Duk wanda ya ratsa ta titin Beirut a birnin Kano, ko kuwa fatauci ya kai shi kasuwar Computer Village ta Ikeja a Ikko, ya ga yadda kwamfutar cinya, wadda masu shaguna ke kira laftof, ta zama haja kamar atamfa da takalmi. A da sai ma'aikacin banki da malamin jami'a a ke gani da ita. Yanzu kuwa ga malamin zaure yana nemanta domin ya zuba littattafansa a ciki, ga ɗan kasuwar Kwari yana nemanta domin lissafin shiga da fita, ga kuma mahaifi yana nema wa ɗansa, tun da jarrabawar shiga jami'a ta JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya a 2015. Kuɗinta kuwa ba na wasa ba ne, balle tun watan Yuni na 2023 da aka saki naira ta nemi farashinta da kanta, kayan waje suka yi tashin gwauron zabi. Mutum ya kan yi watanni yana tari, ko ya jira kwasar adashi, kana ya sayi guda ɗaya wadda ya ke fata ta kai shi shekara huɗu ko biyar. In ya yi kuskure, ba shi da na sayen wata.

Ga yadda cinikin ya kan kasance. Malami ya shiga shago da ɗan abin da ya tara, a ajiye masa biyu a gabansa. Ɗaya sabuwa ce dal a kwalinta, siririya, mara nauyi, an rubuta mata Celeron. Ɗaya kuwa ta hannu ce, irin wadda a ke kira tokumbo, an goge ta tana ƙyalli, da 'yar takarda manne kusa da madannai an rubuta Core i7. Mai shago ya ce, "Allah gafarta Malam, ai wannan i7 ce, babu ta gaba da ita." Malam ya yi lissafi a zuci, ya ga bakwai ta fi biyar, biyar ta fi uku, ya miƙa kuɗi. Wani kuma ya ce shi ba ya sayen abin da wani ya ci ya rage, ya ɗauki ta kwali. Mai yiwuwa ne dukansu biyu sun yi hasara, alhali kuwa abin da ke rubuce a jikin kowace gaskiya ne.

Waɗannan sunaye, Celeron da Core da sauransu, ba sunayen kwamfutar ba ne, sunayen ƙwaƙwalwarta ne, watau abin da a ke kira firosesa. Ɗan ƙaramin abu ne kamar girman kan sarki, wanda ke liƙe a cikinta, shi ne kuwa ke yin dukan lissafin da ta ke yi. Kamfani biyu ne na ƙasar Amurka suka riƙe wannan kasuwa: Intel, wanda aka kafa a 1968, da AMD, wanda ya biyo baya a 1969. Firosesa na farko da Intel ya sayar a 1971 ƙananan makunnai 2,300 ne a cikinsa. Na yau kuwa, ko mafi araha, nasa sun wuce a ƙirga su da dubbai, sai da ɗaruruwan miliyoyi har zuwa biliyoyi.

Misalin firosesa kamar zaure ne da marubuta ke zaune suna kwafe littafi. Kowane marubuci guda shi ne abin da masu sana'ar ke kira kor. Zaure mai marubuci huɗu ya fi mai biyu ɗaukar aiki, muddin dai aikin yana rabuwa. Saurin hannun kowannensu kuwa da gigahaz a ke auna shi, gigahaz ɗaya bugu biliyan ɗaya ke nan a daƙiƙa guda. Amma a nan akwai wani tarko. Marubucin bana ya kan gama kalma guda da jan alƙalami ɗaya, inda na shekara goma da suka wuce sai ya ja biyu ko uku. Saboda haka gwada gigahaz da gigahaz ba shi da amfani sai tsakanin 'yan zubi ɗaya. Abu na uku shi ne cin wuta, wanda a ke aunawa da wat, shi ne kuma ke nuna yawan zafin da abin zai fitar.

To, sai batun lambar nan da ta ruɗi Malam. Intel ya fito da Core i7 a 2008, da i5 a 2009, da i3 a 2010, tun daga nan kuwa kusan kowace shekara sai ya sake sabon zubi, wanda 'yan kasuwa ke kira janareshan, amma sunayen suna nan yadda su ke. Watau i7 sarauta ce, ba mutum ba. Galadiman da ya yi zamani shekara goma da suka wuce Galadima ne ba shakka, amma wannan ba ya nuna zai iya tsere da ɗan sarkin bana. Ba wanda ke sayen doki da sunan gidan da ya fito, sai ya buɗe bakinsa ya dubi haƙori. Haƙorin firosesa shi ne lambar da ke bin sunan. In an ga i5-6200U, lamba ta farko, watau 6, ita ce zubi: na shida ke nan, na 2015. In an ga i7-7500U, na bakwai ne, na 2016. Daga zubi na goma sai a karanta lambobi biyu na farko, saboda haka i3-1115G4 na sha ɗaya ne, i3-1215U kuwa na sha biyu, kada ganin 1 a gaba ya sa a ɗauka tsoho ne.

Iyakar da ta fi kowace muhimmanci tana tsakanin zubi na bakwai da na takwas. Har zuwa na bakwai, irin waɗannan firosesa masu harafin U a ƙarshe, waɗanda su ne suka cika kwamfutocin ofis, kor biyu kaɗai gare su, ko i5 ne ko i7. A watan Agusta na 2017 aka fito da i5-8250U mai kor huɗu. Nan take i5 na zubi na takwas ya bar i7 na zubi na bakwai a baya cikin aikin da ke rabuwa, da tazara mai yawa. Mai sayen i7-7500U domin lambar bakwai ya biya kuɗin sarauta ne, ya tafi gida da marubuci biyu.

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi. Windows, watau manhajar da ke tafiyar da mafi yawan waɗannan kwamfutoci, mallakar kamfanin Microsoft ce, kamfanin kuwa ya daina kula da Windows 10 ran 14 ga Oktoba 2025, sai dai wata ƙofar ƙarin wa'adi da ya buɗe wa masu zaman kansu zuwa 13 ga Oktoba 2026. Daina kulawa ba ya nufin kwamfuta za ta mutu ran nan. Ma'anarsa ita ce duk wata kafa da ɓarayin intanet suka gano daga baya ba mai toshe ta. Windows 11 da ta gaje ta, wadda ta fito a Oktoba 2021, ba ta karɓar firosesan Intel da ya gaza zubi na takwas, in ban da 'yan kaɗan ƙwarai, haka nan Ryzen na AMD na kwamfutar cinya sai daga jerin 3000 zuwa sama. Masu gyara sun san hanyar cusa Windows 11 a kan tsohuwar kwamfuta, da yawa kuwa a haka a ke sayar da su, mai saye ya gani ya ɗauka lafiya. Amma kamfanin bai ɗauki alkawarin kula da wadda aka cusa ba. Wanda zai karanta littafi kawai, bai haɗa ta da intanet ba, wannan ba zai dame shi ƙwarai ba. Ɗan kasuwar da ke shiga asusunsa na banki da ita kuwa, daidai ya ke da mai kwana a shagon da kwaɗonsa ya lalace.

Wannan ke nan game da ta hannu. Ta kwali fa? Celeron suna ne da Intel ya fara amfani da shi a 1998 domin mafi arahar kayansa. Wanda aka fi gani cikin sababbin kwamfutoci masu sauƙin kuɗi shi ne N4020 na ƙarshen 2019, da N4500 na 2021. Kowannensu kor biyu ne, iyakar gudunsa gigahaz 2.8, cin wutarsa wat 6. Abin mamaki, Windows 11 tana karɓar waɗannan, ta ƙi i7 na zubi na bakwai da ya ninka su ƙarfi. Amma karɓa dabam, ɗauka dabam. Windows ita kanta ta kan cinye rabin ƙarfin N4020 sa'ad da ta ke sabunta kanta ko ta ke binciken ƙwayar cuta, mai ita kuwa ya danna ya zauna yana kallon ɗan zobe na juyawa. Ga rubuta wasiƙa da kallon hoto guda, ta isa. Da zarar an buɗe shafi biyar ko shida na intanet tare da takardar lissafi, sai ta fara ɗingishi. Sabuwa ce da gaske, amma sabon jaki ba ya zama doki.

A 2022 Intel ya ba da sanarwar zai yar da sunayen Celeron da Pentium a kwamfutocin cinya, a Janairu 2023 kuwa ya fito da wanda ya maye gurbinsu da suna mara ado, N100. Rashin adon sunan ya sa mutane da yawa ke wuce shi, alhali kuwa shi ne ya sāke lissafin masu ƙaramin ƙarfi. Kor huɗu gare shi, gudunsa ya kai gigahaz 3.4, cin wutarsa kuwa wat 6 ne kamar na Celeron. Ya ninka N4020 fiye da sau biyu, ya wuce i5 na zubi na shida da na bakwai cikin aikin da ke rabuwa, ya kuma matso kusa da i5 na takwas ko da ya ke bai cim masa sosai ba. Ƙannensa N200 da N150 kusan abu ɗaya ne da shi, ɗan ƙarin gudu kawai, bai kamata a biya musu ƙari mai yawa ba. Duk wanda aka ajiye wa Celeron da N100 a gabansa, kuɗinsu kuma bai yi nisa da juna ba, babu wata shawara da ta rage.

Sama da shi akwai i3 na zamani, wanda raina shi kuskure ne babba. I3-1215U na 2022 kor shida gare shi, biyu manya masu ƙarfi, huɗu ƙanana masu tsimin wuta, gudunsa har gigahaz 4.4. Wannan i3 ya fi kowane i7 mai harafin U na zubi na bakwai nesa ba kusa ba. Akwai kuma i3-N305, wanda ke da kor takwas amma duka ƙanana irin na N100. Yana da kyau, sai dai wurin aiki guda mai nauyi, wanda ba ya rabuwa, 1215U ya fi shi. Daga ƙarshen 2023 Intel ya fara cire harafin i, ana ganin Core 3 da Core 5 da Core Ultra, abin da ya ƙara wa mai saye ruɗani a kan wanda ya ke ciki.

AMD shi ma yana da tasa dabarar suna. Nasa masu araha su ne Athlon da Ryzen 3. Ryzen 3 7320U, na ƙarshen 2022, kor huɗu ne, kowanne yana riƙe layin aiki biyu, gudunsa har gigahaz 4.1, yana kuma da tsimin batir. Ya fi N100 ƙarfi, ya kan kuwa fi shi kuɗi. Amma a jerin 7000 na AMD lamba ta uku ce ke faɗin gaskiya, domin ita ke nuna ƙirar kor ɗin. Ryzen 5 7520U, mai 2 a wuri na uku, kor huɗu ne na ƙirar 2019, kusan tagwaye ne da Ryzen 3 7320U. Ryzen 5 7530U kuwa, mai 3, kor shida ne na ƙirar da ta biyo baya. Lamba ɗaya ce ta raba su a rubuce, a aiki kuwa ratar mai faɗi ce. Athlon Silver 7120U mai kor biyu ajin Celeron ya ke, sai dai ya ɗan fi shi.

Duk wannan bayani zai zama banza in an manta da abu biyu da ke zaune tare da firosesa. Na farko shi ne ram, wanda misalinsa allo ne: a kansa a ke rubuta abin da a ke aiki da shi yanzu, in an kashe wuta kuwa an wanke shi. Marubuci ko ya kai kowa sauri, in allonsa ƙarami ne, rabin lokacinsa wanki da jiran bushewa zai cinye. Windows 11 ta ce gigabait 4 ya ishe ta, amma wannan isar tashi ce kawai, ba ta aiki ba. Gigabait 8 shi ne mafi ƙarancin abin da mai hankali zai yarda da shi. Ya kamata kuma a tambaya ko ram ɗin na cirewa ne ko na liƙe. Na 7320U da 7520U duka a liƙe ya ke, haka nan na yawancin masu Celeron, abin da aka saya da shi da shi za a rabu. Na biyu shi ne ma'ajiya, watau taskar da littattafai ke kwana. Tsohon faifai mai juyawa, wanda a ke kira hadis a kasuwa, shi ke sa kwamfuta ta yi minti biyu ba ta gama tashi ba. EMMC mai gigabait 64, wanda a ke sa wa mafi araha, Windows kaɗai ta kan cinye kusan rabinsa, ba ya kuma canzuwa. Abin nema shi ne SSD, daga gigabait 256 zuwa sama. Tsohuwar kwamfuta da aka cire wa faifai mai juyawa aka sa mata SSD ta kan farfaɗo har mai ita ya yi mamaki.

Cin wuta kuwa a ƙasar nan ba ƙaramin zance ba ne. Inda lantarki ke zuwa sa'a uku ya tafi sa'a goma, ko inda a ke dogara da ɗan faifan sola guda, bambancin wat 6 da wat 15 abu ne da a ke gani da ido. Amma kada a ɗauka lissafin ya tsaya nan, domin gilashin kwamfuta shi ma yana shan nasa, girman batir kuma ya bambanta. Ga kuma zafi. A watan Afrilu, sa'ad da ma'aunin zafi ke kai 40 a Kano da Sakkwato da Maiduguri, firosesa in ya ji zafi ya yi yawa da kansa ya ke rage gudu domin kada ya ƙone. Ƙurar hunturu kuma ta kan toshe fankar ciki, sai a ji tana huci, aiki kuwa ba ya ci. Wasu masu N100 ba su da fanka ko kaɗan, ba ƙara, ba abin toshewa, sai dai in aiki ya yi tsawo su ma su kan sassauta. Ɗora kwamfuta a kan katifa ko dardumar ulu, yadda mutane suka saba, shi ne mafi saurin hanyar shaƙe ta.

Aikin malami, in an duba, ba mai nauyi ba ne. Maktabatus Shamila, wadda ta tara dubban littattafan Larabci, saurin bincike a cikinta ya fi dogara ga SSD da ram bisa ga girman firosesa. Rubutun Larabci da na ajami ba ya neman ƙarfi, har akwai salon haruffa mai suna Alkalami, wanda aka zana bisa rubutun Kano, kowace kwamfuta kuwa tana ɗaukarsa. Abin da ya kan yi nauyi shi ne littafin da aka ɗauki hotonsa shafi-shafi, mai mujalladi goma ko ashirin, in an buɗe uku ko huɗu ana gwada matani da sharhi. A nan ne mai gigabait 4 ke durƙushewa. N100 mai gigabait 8 da SSD ya ishi wannan aiki. Ɗan kasuwa mai takardun lissafi manya, da shafukan banki, da WhatsApp a buɗe duk yini, gara ya ƙara kuɗi ya ɗauki i3 na zubi na sha biyu ko Ryzen 3. Akwai wata iri mai araha ƙwarai da a ke kira Chromebook, wadda kamanninta ɗaya da sauran, amma ba Windows ke cikinta ba, manhajojin Windows kuwa ba su hawa kanta kai tsaye. Mai nufin Shamila ta kwamfuta ya kauce mata. Wasu sababbi kuma su kan zo a kulle cikin abin da a ke kira S mode, ba su karɓar manhaja sai daga shagon Microsoft. Buɗe wannan kyauta ne, kada a yarda a biya kuɗi dominsa, amma in an buɗe ba a komawa.

Ba a ce ta hannu duka abin gudu ba ce. Kwamfutocin da manyan ofisoshin Turai da Amurka suka yi aiki da su suka sallamar, irin su ThinkPad T480 na Lenovo, da EliteBook 840 G5 na HP, da Latitude 7490 na Dell, jikinsu ya fi na sababbi masu araha ƙwari, madannansu sun fi daɗi, ram ɗinsu na cirewa ne, kayan gyaransu kuma suna samuwa a kasuwa. Mai i5 na zubi na takwas daga cikinsu ya fi N100 ƙarfi kaɗan, Windows 11 kuma tana karɓarsa. Amma ko a cikin waɗannan sunaye akwai waɗanda aka sa wa na zubi na bakwai, saboda haka sunan kwamfutar ma bai isa shaida ba. 'Yar takardar da ke manne kuwa ba komi ba ce, ana sayar da irinta a ɓare a manna.

Shaidar tana cikin kwamfutar kanta, dubawa kuma ba ta ɗaukar minti biyar. A kunna ta a gaban mai shago, a danna Ctrl da Shift da Esc tare, a shiga wurin da aka rubuta Performance. Nan za a ga cikakken sunan firosesa da lambarsa, da yawan kor, da girman ram, da kuma ko ma'ajiyar SSD ce. Wanda bai iya karatun boko ba ya tafi da ɗa ko almajiri da ya iya, ya kuma sa a rubuta lambar a jikin rasiti. Sa'an nan batir, wanda shi ne raunin kowace ta hannu: a buɗe wurin ba da umarni a rubuta powercfg /batteryreport, kwamfutar za ta fitar da takarda mai nuna abin da batirin ke ɗauka ran da aka ƙera shi da abin da ya ke ɗauka yau. In na yau bai kai rabin na farko ba, sai a cire kuɗin sabon batir daga farashi tun ba a yi sallama ba, a kuma nemi mai shago ya rubuta kwanakin da ya yarda a komo da ita in ta nuna aibi.